Sai an fige kaza asirin mai kiwonta ke tonuwa

Ranar da na fara tsayawa da kaina a wurin figar kaji ba zan manta da ita ba. Watan Afrilu ne na 2024, ana daf da ƙaramar Sallah, ga azumi ga wani irin zafi wanda duk wanda ke Damagaram a lokacin ya san abin da nake nufi, tun ƙarfe tara na safe rana ke fara dukan mutum kamar da gayya. Wata Hajiya mai girkin biki ta bani komand ɗin kaji sittin, gyararru take so, a fige a feɗe a kai mata har gida. Gonata tana bayan gari ta hanyar Mirya, ba wata babbar gona bace, ɗaki biyu ne na kajin nama, waɗanda muke cewa kajin turawa. Mai adaidaitar da mukayi da shi zai zo bayan sallar asuba bai iso ba sai wajen sha ɗaya, muka cusa kajin cikin keji huɗu dan kar ayi sawu biyu, muka ɗaure da igiya muka kamo hanya.

Da muka sauke a gefen kasuwa inda masu figa suke, biyar basa motsi. Yaron da ke yanka ya dube ni na dube shi, kafin in buɗe baki har ya bi wuyansu da wuƙa, wai "da sauran ransu maigida". Ni kuma wallahi shiru nayi, dan lissafin kuɗin da zai salwanta kawai nake a raina. Aka tsoma su ruwan zafi tare da sauran aka fige. To anan ne abin ya fito fili. Sauran kajin fatarsu fara tas da ɗan rawaya-rawaya, waɗannan biyar ɗin kuwa jajur suke, wuya da baya da bakin fuka-fukai duk sun rine, in ka ɗaga fiffike zakaga jijiyoyin a cike taf da baƙin jini. Dattijon da ke da rumfar, wanda kowa ke ce wa Baba, bai ce uffan ba ya sa hannu ya tsame su ɗaya bayan ɗaya ya aje a ƙasa. Nace Baba ai an yanka su. Yace "ɗana, wuƙa dai ta bi wuyansu amma wannan ba yanka bane. Kazar da aka yanka da ranta zuciyarta ce ke turo jinin waje. Waɗannan zuciyarsu ta tsaya tun a hanya, jinin na nan cikin naman. Mushe ne. In ka kai wa baiwar Allah ta ciyar da mutane ranar Sallah, to kai da Allah."

Maganar nan ta tsaya min a rai kwana da kwanaki. Ba asarar kaji biyar ɗin bane ya dame ni, shirun da nayi ne lokacin da yaron ya ɗauki wuƙa. Tun daga ranar na yanke wa kaina cewa duk kazar da ta fito daga gonata za'a gyara ta a gabana, kuma na sayi kaye, wato littafin rubutu, ɗan ƙarami da bik, duk wadda aka ware gefe sai in rubuta kwanan wata da abin da na gani a jikinta ko a cikinta. Yanzu kayen ya zagaya shekara guda da rabi da ɗan wani abu, kuma abin da ya koya min shi ne kowane lokaci na shekara da irin tabon da yake bari a jikin kaza. Kazar da ake zubarwa a bazara ba irin wadda ake zubarwa da damina bace, ta hunturu kuma daban take gaba ɗaya. Kuma kusan dukkansu ba a wurin yanka suka lalace ba, daga gona suka taho da abinsu, gashi ne kawai ya rufa musu asiri.

Likitan dabbobin da ke zuwa yi mana rigakafi na nuna wa kayen, yayi dariyar jin daɗi yace ai wannan aikin da kake yi shi ne aikinmu a abatuwar, wato mayanka, mu sezi muke ce masa. In gaba ɗayan dabbar ce bata ciwuwa a kwace ta duka, in kuma wani sashe ne kamar hanta ko fiffike ɗaya sai a yanke wurin a bar sauran. Sa da rago da akuya in sun bi ta abatuwar ana duba su a buga musu tambari. Kaza fa? Kaza a bakin kasuwa ake yanka ta, ko a bayan rumfar mai gashi, ko a tsakar gida, babu mai farar riga a tsaye. A ƙasashen da ke da manyan mayankan kaji irinsu Burazil da Kanada da Faransa, kaji a rataye suke wucewa a layi dubbai a awa guda, ga ma'aikata suna dubawa suna cirewa suna rubuta dalili, kuma a ƙarshe mai gonar yana samun takarda ya ga me ya ci masa kaji. Wanda ake zubarwa gaba ɗaya a can galibi baya wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari. Mu anan idon Baba shi ne likitanmu, in ranar Baba baya nan kuma shikenan.

Bari in fara da bazara tunda ita ta fara koya min hankali. Kaza bata gumi. Zafin jikinta dama can wajen digiri 41 ne, hanyar da take rage zafi ita ce ta buɗe baki tana haki ta saki fuka-fukai. To a Afrilu da Mayu iskar garin nan kanta tana haura 40, wani lokaci ta doshi 45, ina kazar zata kai zafin nata? Kuma abin takaici manyan su ne ke fara tafiya, waɗanda suka fi cin abinci suka fi nauyi, waɗanda kake kallo kana cewa wannan zata kawo kuɗi. A gona ma suna faɗuwa da la'asar, balle a cusa su sha biyar a kejin da ya kamata ya ɗauki takwas a ɗora wani kan wani a rana tsaka. Na tsakiya basa samun iska ko kaɗan. Kuma ba matattun ne kaɗai asara ba, akwai waɗanda suke isowa da rai amma a galabaice, in aka yanka jinin baya zuba sosai, naman ƙirjin sai ya fito fari fat, lagwaf-lagwaf, yana tsatsar ruwa kamar an riga an tafasa shi rabi. Mai gashi in ya gani baya so, yace a wuta tsukewa yake. Yanzu in zafi ya shigo, ko nawa za'a biya ni bana loda kaza bayan fitowar rana. Da asuba ko bayan isha'i, keji a sake, gara inyi sawu biyu in biya kuɗin mai.

Sai kuma maganar ruwa, wadda duk ɗan Damagaram ya san ciwonta. Lokacin zafi ne pampo ke ƙafewa, bidon ɗin ruwa yayi tsada, masu figa kuma da kuɗinsu suke saye. To tukunyar ruwan zafin da aka ɗora tun safe ita ce har yamma, kaza ɗari ta shiga ta fita, ruwan ya koma baƙi da kashi da ƙasa, sai dai a ƙara kaɗan a kai. Bahon ɗauraya ma haka. Kaza lafiyayya ta shiga nan ta fito da dattin 'yar'uwarta. Ga wutar da ke ƙarƙashin tukunyar ba mai aunawa, ruwan figa bai kamata ya wuce digiri 50 zuwa 60 ba, amma sau nawa na iske shi yana ɓararraka. In ya yi zafi haka fata na sulluɓewa ta yage, saman ƙirjin ya dahu yayi fari, irin wannan kazar ko a firigo bata daɗewa. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kuwa ba'a magana, kazar da aka gyara da hantsi aka barta a tire da hanjinta a kusa, kafin la'asar gindinta ya fara kore, wari ya fara tashi.

Akwai wani kuskure da na daɗe ina yi, ina ganin dabara ce. Kafin a ɗauki kaji sai in cika musu abinci dan suyi nauyi a sikeli. Ashe kaina nake cuta. Kaza in ta je yanka da hanji a cike, wuƙa na ɗan taɓa shi zai fashe kashi ya wanke cikin. Ƙa'ida a ɗauke abinci awa takwas zuwa sha biyu kafin yanka, ruwa kuma a bar musu. Amma kar a wuce gona da iri, in yunwar ta daɗe hanjin laushi yake yi yana tsinkewa, matsarmama kuma ta kumbura, tana fashewa kore ya ɓata naman, kuma ɗacin nan wanki baya fidda shi, sai dai a yanke wurin.

Damina kuwa nata salon a ƙarƙashin fata yake ɓuya. Cikin watan Agusta na ga abin karon farko. Kaza ce babba, a ido ba abin da ya same ta, tana ci tana sha har ranar da aka kama ta. Da aka fige sai na lura fatar gefen cinya zuwa ƙasan ciki ta ɗan yi kauri, launinta ya sauya zuwa ruwan ƙasa-ƙasa. Baba ya tsaga wurin da bakin wuƙa ya ɗaga fatar, sai ga wani abu shimfiɗe tsakanin fata da nama, rawaya, mai faɗin tafin hannun yaro, kamar an soya wainar ƙwai an cusa a ciki. Ya ja shi ya fito ɗungurungum. Naman ƙarƙashinsa duk ɗigo-ɗigon jini. Cikin kaji arba'in na ranar sai da muka samu irinta uku. Likita yace selulit sunansa, kuma a Kanada ya daɗe yana cikin manyan dalilan da ake zubar da kaji. Yadda yake samuwa kuma abu ne mai sauƙi har da ban haushi. Kaji sun yi yawa a ɗaki, suna hawan juna wurin abinci ko in sun firgita, farce ya karce fata, sai kazar ta kwanta a jiƙaƙƙen ƙasa mai kashi, ƙwayar cutar da ke cikin kashin, ikolai, ta shiga ta karcen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni kuma a lokacin kwanon ɗakina na yoyo ta kusurwa guda, ɓawon gyaɗar da na shimfiɗa ya jiƙe ya dunƙule ya zama kamar taɓo, ina ta cewa bari damina ta wuce in gyara.

Jiƙaƙƙen ƙasan nan shi ne uwar matsalar damina duka. Shi ke ƙona musu tafin ƙafa ya zama baƙin gyambo, shi ke sa bororo a kan ƙashin ƙirji inda suke kwanciya, shi ne kuma gidan ciwon nan na kashin jini da ake cewa koksidiyoz. Wadda ciwon bai kashe ba sai ta tsumbure. In an fige ta ƙashin ƙirjin a tsaye kamar bakin wuƙa, ba tsoka ba kitse, naman yayi duhu ya bushe. Irin wannan ramammiyar a manyan mayanka zubar da ita ake, dan rama irin haka alama ce ta ciwo da ya daɗe yana cin ta. Anan kuwa ita ce ake cewa "a rage maka kuɗi ka ɗauka".

Sai abinci. Da damina buhu in ya kwana biyu a ƙasa ya ja danshi sai ya fara fumfuna, musamman masara da tunkuzar gyaɗa, kuma fumfunar nan tana fidda guba mai suna afalatoksin wadda hanta take fara kamawa. Hantar kaza lafiyayya ja ce mai duhu, sumul, tana da ɗan ƙarfi a hannu. Ta wadda ta ci ruɓaɓɓen abinci ta kan kumbura ta koɗe tayi rawaya, kana ɗagawa tana farfashewa a yatsa. Na taɓa zubar da hantar zubi guda kusan gaba ɗaya, kuma da na koma sito na zazzage ƙasan buhunan sai ga shi ya daskare yayi kore-kore. Yanzu kan katako nake jera buhu, kuma bana sayen na wata guda a lokaci ɗaya in ruwa ya sauka. Kajin gida da zabi kuma nasu na damina tsutsar ciki ce, ka tsaga hanji ka iske su cunkus.

Wanda ya fi bani mamaki shi ne hunturu. Dama mu masu kiwo murna muke in sanyi ya shigo, kaji na ci sosai suna girma, ba haki ba faɗuwa, ga kasuwar ƙarshen shekara da bukukuwa. Ban taɓa zaton shafin Disamba da Janairu zai fi na Afrilu cika ba, amma haka na gani a kayena.

Na farko ruwan ciki. Zakaga kazar cikinta ya yi tulu, tana tafiya a tale kamar agwagwa, ƙoronta ya yi shuɗi-shuɗi. Ana huda cikin sai ruwa ya tsiyayo, rawaya garau, wani lokaci har da guda-guda masu santsi, ya kusa cika ƙaramin kofi. Zuciyar in ka ciro ta ta yi girma ta saki, gefe guda lakaf kamar tsohuwar jaka. Wannan ba annoba bace, bata yaɗuwa daga wata zuwa wata, zuciya ce ta gaza. Kajin turawan nan an ƙirƙire su ne suyi sama da kilo biyu cikin sati shida, jikin na gudu zuciya da huhu na bin sa a baya da ƙyar. In sanyi ya kama su jikin na ƙara neman iska dan ya ɗumama kansa, zuciya ta yi ta bugu har ta gaji, ruwa ya fara taruwa. Kuma abin da likita ya nuna min wanda ya sa jikina yayi sanyi shi ne, ruwan da kake gani a sati na shida tun satin farko aka shuka shi. Ɗan tsako na son ɗumin digiri 32 zuwa 33 a kwanakinsa na farko, mu kuma daren hunturu anan yana sauka ƙasa da 15. Ga shi dama tsakin sun sha doguwar hanya, yawancinsu daga kudancin Najeriya ake ƙyanƙyaso su su biyo ta Kano kafin su iso mana. In gawayin kurfoti ya mutu ƙarfe ukun dare mai gadi na barci, da safe zaka same su a dunƙule a lungu, ba wanda ya mutu, kace Alhamdulillahi, ashe sai bayan wata guda lissafin zai fito.

To mu kuma dan tsoron sanyin sai mu wuce iyaka ta ɗaya gefen. Mu samo leda mu naɗe ɗakin ruf, ko ƙofar allura babu, ga hayaƙin gawayi ga warin kashi mai yaji wanda in ka shiga da safe idonka ke ruwa, ga ƙurar hunturu da ke shigowa duk da haka. Kai da ka shiga minti biyu kana tari, su a ciki suke kwana, kuma hancinsu na daf da ƙasa. Tsuntsu ba kamar mu yake numfashi ba, bayan huhu yana da jakunkunan iska guda tara a cikin jiki, sirara garau kamar ledar ƙanƙara. A kaza lafiyayya da ƙyar ma zaka lura da su. A wadda ta sha wannan iskar kuwa sai kaga sun yi hazo, da kumfa, in abin ya yi nisa sai ka iske wani farin abu dunƙule-dunƙule kamar cuku ya manne a haƙarƙari, hanta da zuciya kuma an lulluɓe su da farin mayafi wanda kake iya ɓarewa da farce. Waɗannan su ne masu minshari da dare, masu atishawa da kumburin ido, waɗanda muke cewa "mura ce kawai". Wata ƙwayar cuta mai suna mikoplasma ke buɗe ƙofa, ikolai ta shigo ta ƙarasa. Irin wannan ba maganar yanke wani wuri, duka ake zubarwa.

Hunturu kuma shi ne lokacin annobar kajin gida, Niyukasal, wadda ke share garke a kwana uku. Kowa a ƙauye ya san ta, kaza ta yi zugum, zawo kore, wuya ya murɗe. Kuma kowa ya san abin da ake yi in ta shigo unguwa, a kwashe sauran a kai kasuwa tun kafin su faɗi. Shi ya sa in kaga kajin gida sun yi araha ba dalili a Janairu, ka tsaya ka duba da kyau. In an feɗe, ɗan tumbin da ke gaban ƙundu zakaga ɗigo-ɗigon jini a cikinsa kamar an tsattsaga da allura. Rigakafinta na nan kuma ba tsada, sakaci ne kawai da rashin mai kaiwa ƙauye a kan lokaci. Kuma mu mutanen jihar nan bai kamata a tuna mana da haɗarin kaza mara lafiya ba, dan murar tsuntsaye da ta fara shigowa Nijar a Fabrairun 2006 a Magarya aka fara tabbatar da ita, nan kusa da mu, a irin wannan lokaci na sanyi. Wannan kuwa ba mai ci kaɗai ba, mai yanka da mai figa da hannunsu cikin jini su ne a gaba.

Akwai wanda ba ruwansa da damina ko rani, aikin hannunmu ne. Karayar fiffike, gocewar cinya, taruwar jini a ƙirji. A kamo kaza ta fiffike ɗaya a wurga cikin keji, ko a ɗaure ƙafafu goma wuri guda a rataya a kan moto kai a ƙasa tun daga Matamai ko Magarya. Baba ya koya min karanta tabon, in ja ne sabo to yau aka yi shi wurin kamu ko a hanya, in ya koma kore ko rawaya to ya kwana biyu, a gona aka yi, ka je ka tambayi yaranka. Wannan yana ƙaruwa ne duk lokacin da ake sauri, jajibirin Sallah da ƙarshen shekara, ranar da kowa ke son a sallame shi yanzu-yanzu. Tsofaffin kajin ƙwai da ake sallamarwa su ma da nasu, ƙwai ya fashe a ciki ya ruɓe, ko ƙulle-ƙulle farare a hanta da saifa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne inda waɗanda aka ware suke zuwa. Na sha gani da idona, an aje kaza gefe, kafin ka juya wani ya zo ya yi ciniki a rabin kuɗi ya sa a leda. Ina zata? Yaji da magi da wuta zasu rufe komi, da dare wani ya saya wa iyalinsa yana murna. Kuma akwai wata fahimta da ta zauna mana, in kaza ta fara layi sai a ce yi maza kawo wuƙa kar ta mutu, da an yanka an ambaci sunan Allah shikenan magana ta ƙare. Eh ta tsira daga zama mushe, amma ciwon da ya kayar da ita yana nan, yankan bai cire shi ba. Galibi ma kafin a kai ga wuƙar an ɗura mata kafso ja da rawaya kwana uku. Kowane maganin kaji akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalinsa da za'a jira kafin a yanka, wa ke karantawa? Wannan shi ne wanda ko idon Baba baya gani, naman tas da shi, saurar maganin na ciki, kuma wuta da ke kashe ƙwayar cuta ba lallai ta gama da shi ba. Yaranmu ke ci.

Na san masu cewa a bar kaza cikin gashinta, talaka da ƙyar yake ganin nama kana maganar zubarwa. Na fahimce su wallahi, ni ma jarina ne ke tafiya cikin ramin nan, kuma nasan zafin fidda kazar da ka ciyar sati shida ka binne. Amma talakan shi ne wanda in yaronsa ya kwana yana amai da zawo bashi da kuɗin asibiti. Ni abin da nake roƙo ba wani babban gini bane. Rumfa guda mai siminti da magudana da ruwa mai gudu a kusa da kasuwa, masu figa su koma ciki, ma'aikacin kiwo ɗaya ya riƙa zagayawa da safe, da rami mai murfi inda za'a zuba waɗanda aka ware a bi su da farar ƙasa ko a ƙone, kar kare ya tono kar mutum ya ɗauka. Da littafi, a riƙa rubutawa, ko dan mai gona ya san daga ina ɓarnar take fito masa.

Hajiyar nan har yau ni ke kai mata kaji. Ranar da na kai hamsin da biyar maimakon sittin na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, ta yi shiru sannan tace "Allah yayi maka albarka ɗana, gobe ka ciko min biyar ɗin." Sanyi ya fara shigowa yanzu, sati mai zuwa tsaki ɗari biyu zasu iso in sha Allahu. Na sa an gyara kwanon, na sayi ɗan ma'aunin zafi na rataye daidai tsayin tsako, ledar kuma bana ta tsaya rabin taga, na bar tazarar tafin hannu a sama ta kowane gefe dan iska ta fita. Satin farko ni da kaina zan kwana a gonar saboda gawayin ƙarfe uku.